Ɓarawon kuran ba ya sata a gaban makaniki

Duk wanda ya daɗe yana hawan moto a ƙasar nan ya san lalacewa iri biyu ce. Akwai mai zuwa gaba ɗaya: sarƙa ta tsinke, taya ta fashe, inji ya ƙi tashi. Wannan ko ta ci kuɗi ba ta cin hankali, domin da ka kai shi garaji makaniki zai ɗora yatsa bisa wurin, ku yi ciniki, a gyara, ka kama gabanka. Akwai kuma mai zuwa tana komawa kamar zazzaɓin damina. Yau fitila ta yi haske fes, gobe ta yi ja kamar aci-bal-bal. Da safe demarer ya tayar da inji bugu ɗaya, da la'asar sai ɗan ƙas-ƙas ka ji, sannan shiru. Ka kai wa mai gyara, moto ya yi lafiya lau a gabansa, har ya dube ka kamar mai ƙirƙirar magana. A kan wannan ta biyun nake son mu tattauna, musamman idan ta faɗa wa hanyar da moto ke bi yana cika batir ɗinsa.

Kada mai karatu ya ɗauki zancen ƙarami. Ɗan kasuwar da ya baro Ɗan Isa ko Madarumfa bayan magariba da kaya a bayansa, idan fitila ta dushe masa tsakiyar daji, ransa ne ke cikin hatsari, ba dukiyarsa kaɗai ba, saboda amalanken shanu ba ya da fitila, rami kuma ba ya sallama. Ma'aikacin gwamnati mai jiran ƙarshen wata, batir guda da ya saya ba bisa ƙa'ida ba, daga cefanen gida aka cire kuɗinsa. Ɗan kabu-kabu kuwa, yinin da ya yi a garaji yini ne da bai kai kome gida ba. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ba su manta yadda kayan gyara da ake shigowa da su suka yi tsalle ba. Tun daga nan ya kamata a ce mun bar al'adar canza kaya bisa zato. Amma har yau, da an ce moto ba ya caji, amsar farko da ake ji ita ce: a sake batir.

Domin a gane inda wannan amsa ke kuskurewa, sai an san aikin kowane sashe, kuma misalin ruwa ya fi kome sauƙi. Cikin inji, a gefe guda, akwai wani faifai mai maganaɗisu da ke juyawa tare da injin, yana kewaya wasu dunƙulen waya ta jan ƙarfe da masu gyara ke kira bobin. Juyawar maganaɗisu kusa da waya ita ke haifar da kuran, abin da wani Bature na Ingila, Michael Faraday, ya gano a 1831. To, bobin ita ce rijiya. Sai dai kuran ɗin da take bayarwa mai kai-da-komo ne, kuma ƙarfinsa na hawa da sauka tare da gudun inji, alhali batir ba ya karɓar sai mai tafiya hanya ɗaya. Saboda haka aka sa wani ɗan akwati mai haƙarƙarin ƙarfe, wato regilater, yana aiki biyu: ya miƙar da kuran da taimakon wasu ƙananan ƙofofi da ake kira diyod, masu buɗewa gefe ɗaya kawai, kuma ya hana shi wuce kima. Shi ne mai tsaron famfo. Wayoyi da mahaɗansu su ne bututu. Batir kuwa randa ce. Irin wanda muke sakawa a moto, na dalma da asid, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma aikinsa bai wuce ajiya ba: abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. Idan randa ta wayi gari ba ruwa, mai hankali zai duba ko ta tsage, amma zai duba bututu da famfo da rijiya kafin ya tafi kasuwa sayen wata.

Na koyi wannan ne a shekarun da aiki ya kai ni wani ƙaramin gari na jihar Maraɗi, inda nake bin hanyar jar ƙasa mai gargada tsakanin gida da wurin aiki. Motona ɗan 125 ne, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu tun shekarun 2000. Sai ya shiga wani hali: kwana uku lafiya, rana ta huɗu oda ta shaƙe, fitila ta yi rauni, washegari sai da kik. Makanikin farko ya sa batir sabo, aka yi mako biyu abin ya dawo. Na biyu ya ce regilater ne, ya canza, aka yi kwana goma abin ya dawo. Kowannensu ya gwada a gabana, a inuwar garajinsa, da inji mai sanyi, kuma kowane gwaji ya nuna lafiya.

Daga baya aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran kuran na motoci da babura a bayan tasha. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai taɓa moton ba sai da ya gama yi mini tambayoyi kamar likita.

"Malam, da safe yake yi ko da rana?"

Na ce, "Baba, galibi a hanyar dawowa ne."

"Kana tashi yake farawa, ko sai ka yi nisa?"

"Sai na yi kamar rabin hanya."

"Bisa kwalta ma yana yi?"

Na yi tunani na ce ban taɓa lura da shi cikin gari ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ɓarawonka ba ya sata a gaban mutane. Sai mun bi shi inda yake sata."

Ya ɗauko na'urar awon kuran, wadda ake kira miltimetir, ya maƙala wayoyinta biyu a kawunan batir, ya ɗaure ta bisa tanki da igiyar roba, ya ce yaronsa ya hau bayana yana karanta lambar. Da muka tashi tana nuna bolt 14 da ɗan ɗori, wato lafiya. Muka bar kwalta muka hau gargada. Bayan kamar minti ashirin yaron ya taɓa kafaɗata: lambar ta faɗo 12 da ɗan kai, ta koma 14, ta sake faɗowa, ta zauna. Muka juyo ba tare da kashe inji ba. Dattijon ya bi wayoyin da ke fitowa daga inji da bayan hannunsa, har ya kai ga wata mahaɗa ta roba a ƙarƙashin murfin gefe, ya janye hannu da sauri don zafi. Da ya raba ta, ɗaya daga cikin haƙoran ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, robar da ke kewaye da shi ta narke ta saki. Ya yanke wurin, ya kankare wayar har jan ƙarfe ya fito, ya like da dalma, ya naɗe. Abin da na biya bai kai kuɗin litar esansi biyu ba, kuma ciwon bai sake dawowa ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Abin da ya faru a wannan mahaɗa lissafi ne da ɗan lakol zai iya yi. Kowace waya tana da ƴar turjiya ga wucewar kuran, ana auna ta da om, sunan Bajamushen da ya bayyana ƙa'idarta a 1827. Mahaɗa mai tsabta turjiyarta kusan babu. Amma idan tsatsa ko sakewa ta kai ta kashi ɗaya cikin goma na om guda, kuma amper 10 na ratsa ta, to bolt 1 ya ɓace a wurin, kuma wat 10 na zafi na taruwa a ɗan wurin da bai fi ƙwayar gero biyu ba. Zafin ya ƙara sassauta ƙarfe, sakewar ta ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi. Da inji ya huce, ƙarfe ya koma ya kama, sai a ga kamar ba a taɓa yin kome ba. Bolt ɗayan nan kuwa shi ne bambancin batir mai cika da batir mai ramewa.

Ke nan ciwo mai zuwa yana komawa yana da abin da ke kiran sa, kuma a ƙasarmu masu kiran sanannu ne. Akwai zafi: a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke wuce digiri 40 a inuwa, regilater, wanda galibinsa ta hanyar zafi yake zubar da rarar kuran, ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi, musamman a cunkoson Yamai. Haka ma siririn fentin da ke rufe wayar bobin: idan ya tsufa ya tsattsage, sai waya ta taɓa ƴar'uwarta lokacin da zafi ya buɗa ta, ta rabu da ita idan ta huce. Akwai girgiza: gargada na kwance kusoshin batir, tana sassauta mazaunin fizibil, tana karya waya a cikin rigarta ta roba inda ido ba ya gani, musamman a wuyan moto, wurin da wayoyi ke lanƙwasa duk lokacin da aka juya kai. Akwai ƙurar hunturu da ke shiga mahaɗai, da ruwan damina da na masu wanki da ke bin ta ya mai da ita tsatsa. Wanda ya lura da wanne daga cikinsu ne ke tayar da ciwon motonsa ya riga ya yi rabin aikin makaniki. Shi ya sa nake ba kowa shawara ya riƙa rubutawa, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta bashi: ranar da abin ya faru, lokacin, irin hanyar, da fitila ko babu, bayan wanki ko a'a.

Sauran rabin aikin awo ne, kuma yana da tsari: daga mai araha zuwa mai tsada, daga waje zuwa ciki. Miltimetir ƙarama ba ta kai kuɗin batir guda ba, kuma koyon karanta ta bai fi zama ɗaya ba.

A fara da batir, bayan moto ya kwana bai yi aiki ba. Batir na bolt 12 ɗakuna shida ne, kowanne na ba da kamar 2,1, don haka cikakke yana nuna 12,6 ko sama kaɗan. Idan ya nuna 12,2, ya kai wajen rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya rame. Sannan a danna demarer ana kallon lambar: idan ta nutse ƙasa da 10 sosai alhali an cika shi, batir ɗin ya gaji da gaske, kuma a nan ne canza shi ya halatta. Idan irin mai buɗewa ne, a duba ko ruwa ya rufe farantan ciki, domin zafinmu na shanye shi da wuri. Tataccen ruwa na batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba.

Sai a tayar da inji, a ƙara masa gudu zuwa matsakaici, a sake aunawa a kawunan batir. Lafiyayyen caji na tsakanin 13,5 da 14,5, ko da an kunna fitila. Idan lambar ba ta ɗaga daga 12 ba, ruwa ba ya isowa randa. Idan ta haura 15, regilater ya saki famfo, kuma alamarsa ƙwan fitila mai yawan ƙonewa da batir mai kumburi ko warin asid. Amma ga mai ciwon zuwa da komawa, wannan awo sau ɗaya ba hujja ba ce. A bar na'urar a maƙale, a riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a juya kan moto dama da hagu har ƙarshe, a ɗan ƙwanƙwasa mazaunin fizibil da makullin kontak. Duk inda aka taɓa lambar ta yi tsalle, nan ɓarawon yake. Idan ba ta motsa ba, a yi tafiya har inji ya yi zafi, a sake.

Kada a manta da hanyar komawa. Kuran ba ya tafiya sai ya sami ta inda zai koma, kuma a moto jikin ƙarfen ne hanyar, abin da masu gyara ke kira mas. A yawancin baburan da suka bi tsarin Honda, koriyar waya ita ce mas, ja ta batir, rawaya kuwa daga bobin take. Kusa ɗaya mai tsatsa inda koriyar waya ta kama jiki ta isa ta rikita caji duka, har ta kashe regilater mai lafiya. Gwajinta: inji na aiki, fitila a kunne, a sa wayar awo ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗayar a jikin inji ko na regilater. Ya kamata a ga kusan sifili. Idan ta doshi rabin bolt, a kwance, a kankare, a ɗaure, a shafa ɗan giris.

Bayan wayoyi sun fita zargi ne ake zuwa rijiya. A cire mahaɗar bobin, a juya na'ura zuwa awon kuran mai kai-da-komo. A manyan babura masu rawayar waya uku, ana auna su bibbiyu, sau uku. Lambobin su zo daidai da juna, su hau zuwa gomomin bolt idan an ƙara gudu. Wadda ta gaza sauran ta nuna dunƙulen da ya ƙone. A kashe inji a auna turjiya: ƴar kaɗan ce tsakanin wayoyin, kusan ɗaya a duka ukun, kuma bai kamata wata ta sadu da jikin inji ba. Ƙananan babura da yawa tsarinsu ya bambanta, wasunsu ma da gangan aka haɗa ƙarshen bobin da jiki, don haka sai an san irin moton kafin a yanke hukunci. Wannan awo ma a yi shi sau biyu, da sanyi da kuma nan take bayan tafiya, saboda bobin mai tsagaggen fenti da sanyi mumina ce. Idan rijiya na ba da ruwa, bututu ba ya yoyo, randa ba ta tsage ba, amma caji na ɓacewa da zafi, to yanzu ne laifi ya tabbata a kan regilater.

Akwai kuma lokacin da ba abin da ya lalace, nauyi ne ya fi ƙarfin jaki. Batir ɗin ƙaramin moto bai cika wuce amper 5 zuwa 7 na awa guda ba. Ƙwan fitilar gaba na wat 35 shi kaɗai yana jan kusan amper 3, wato idan caji ya tsaya ba zai kai awa biyu ba ya tsotse ƙaramin batir. To, ga wanda ya ƙara fitilun ado, da rediyo, da wurin cajin salula, rijiyar da aka haƙa don gida ɗaya ce ya ɗora wa unguwa. Wasu daga cikin waɗannan ƙare-ƙaren ma suna sha ko an kashe kontak, moto na kwance cikin zaure suna tsotso. Haka ma ma'aikacin da tsakanin gidansa da biro bai fi kilomita biyu ba, yana danna demarer sau shida a yini, yana tafiya a hankali: abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, sai ranar da ya yi doguwar tafiya batir ya farfaɗo, ya ce ciwon ya tafi da kansa.

Wani abin da ke ɓoye ciwon shi ne, a babura da yawa, wutar buji tana da nata dunƙulen waya daban, ba ta dogara da batir ba. Irin wannan moto zai tashi da kik, ya yi gudu yadda aka saba, ko da caji ya mutu tun mako guda; mai shi ba zai sani ba sai dare ya same shi a hanya. Wasu kuwa, musamman na zamani, da batir ya rame inji ke mutuwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: oda mai shaƙewa, fitilun kwana masu jinkirin ƙiftawa, hasken da ke ƙaruwa sosai idan an ƙara gudu ya dushe idan an sassauta, duk saƙo ne.

Gargaɗi biyu kafin in rufe. Wasu masu gyara na cire wayar batir alhali inji na aiki, wai idan bai mutu ba caji na da kyau. Wannan gwaji ba ya tabbatar da kome, kuma yana iya ƙona regilater da akwatin wutar buji. Kada ka yarda a yi wa motonka shi. Na biyu, batir mai caji na fitar da iska mai kama wuta, ruwansa kuma na cin fata da tufa: a nisanta taba da ashana, a fara cire wayar ragi, ita kuma za a mayar daga ƙarshe.

Ba ina cewa kowane ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya zama makaniki ba ne, kowa da sana'arsa, kuma masu gyaranmu na ƙoƙari da ɗan abin da ke hannunsu. Amma mai moto na da haƙƙin tambaya ɗaya kafin ya buɗe aljihu: nawa awo ya nuna, kuma da sanyi aka auna ko da zafi? Makanikin kirki ba zai ji haushin wannan ba, zai ma ji daɗin samun wanda ya zo masa da bayani. Wanda kuwa ya ce ba ya bukatar awo, idonsa ya isa, to ka tuna kuran ba a ganin sa da ido. Ku ma masu garaji, ku koya wa yaranku riƙon miltimetir kamar yadda kuke koya musu riƙon sifana, domin babura na ƙara cika da kayan kuran kowace shekara, kuma yaron da ya iya awo ba zai rasa abinci ba. Allah ya kiyaye hanya.